Gaisuwa a Ƙarƙashin Duron Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa surukina wanka ba, da rana tsaka, a gaban mutum fiye da ashirin, yana sanye da farar babbar rigarsa mai sitaci. A lokacin ma bai zama surukin nawa ba tukuna, nema nake yi, kuma wannan ne ya ƙara wa abin muni. Matata ta sha ce min in daina ba da labarin nan, wai ina tona wa kaina asiri. Na ce da ita asirin da ya tonu a gaban leburorin gona ai ba sauran abin rufewa a jikinsa.

A shekarun nan ne da wayar salula ta fara shiga aljihun talaka. Ina tuƙa tarakta a wata babbar gona tsakanin Shabu da Kwandere, gonar wani attajiri da ba mu cika ganinsa ba sai dai motarsa. Aikin nawa na wucin gadi ne. In ruwa ya sauka a aiko a neme ni, in an kwashe doya da shinkafa da agushi a ce to, sai mun kira ka. Kullum da safe in hau acaɓa daga garin Lafiya, da yamma in dawo da jar ƙasa har cikin kunne.

Gara in faɗi aibina tun yanzu: ni mutum ne mai tafiya a zaune. Tun ina firamare haka nake. Malami na rubutu a allo, ni ina can na gina gidan bene har na yi masa fenti. Innata takan ce, "Kai dai gangar jikinka ce kawai tare da mu." Tuƙin tarakta kuwa ya ƙarasa lalata ni, domin in ka saita ta a kan layi, daga wannan bakin gona zuwa wancan, ba abin da ya rage maka sai kallon duwatsun Eggon can nesa, shuɗi-shuɗi, gajimare na sauka a kansu yana tashi. A kan kujerar nan na yi aure ya fi sau ɗari, na raɗa wa 'ya'ya suna, har na aurar da ta farin.

Amaryar duk mafarkan nan guda ce, Yagana, malamar firamare a unguwarmu. Ita kam ta amince da ni (har yau ban san me ta gani ba, ban kuma matsa da tambaya ba). Inda maganar ta cije shi ne wurin mahaifinta, Malam Bukar, tsohon akawun gwamnati da ya yi ritaya. Dattijo ne dogo siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda bai yarda da komai ba sai abin da aka rubuta aka buga wa hatimi. Bangon falonsa cike yake da takardun shaida a cikin gilashi, tun daga ta gama firamare har ta wani kwas na sati biyu da ya yi a Jos kan adana fayil. Da kawuna ya je masa da maganata, ya saurare shi tsaf, sannan ya ce:

"Yaron yana da ladabi, wannan na gani da idona. Amma aikin da ruwan sama ke ɗauka ya kuma sallama, ba aiki ba ne. Ya kawo min takarda. Na ba shi daga nan zuwa Babbar Sallah, bayan nan zan saurari wasu."

Ladabin nan da ya ambata shi ne kaɗai jarina. Ba ni da gida, ba ni da babur, amma a fagen durƙuso ba wanda ya kama ƙafata a unguwar. Tun daga nesa in na hango shi zan tuɓe takalmi in riƙe a hannu, in zube ƙasa, ba na tashi sai ya wuce ya sha kwana. Ban taɓa zama a kan abin da ya fi nasa tsayi ba. Sunansa kuwa, bakina ya manta da shi gaba ɗaya. Akwai wani abokina mai faci da ake kira Bukar, tun muna yara muke tare, amma daga ranar da na fara zuwa zance gidan su Yagana ya koma "Mai Sunan Baba", har shi kansa ya gaji ya fara amsawa.

Ana cikin haka aka kawo mana injin. Wata safiya muka tarar da shi a bakin sito, rawaya shar, an sauke shi daga tirela. Telihanda ne sunansa a takarda, amma kafin azahar leburori sun raɗa masa Raƙumin Dawa, sunan kuma ya bi shi. Ka ɗauka tarakta ce aka dasa mata dogon wuya, wuyan yana ɗagawa sama yana kuma miƙewa kamar eriyar rediyo, a bakinsa akwai haƙora biyu na ƙarfe masu shiga ƙarƙashin katakon da ake jera kaya a kai. Buhunan takin da ƙarti goma za su yini suna jido, shi ɗauka ɗaya yake musu ya ɗora har saman kantar sito. Na tsaya ina kallonsa baki buɗe. A raina har na tuƙa shi zuwa unguwarmu, na tsinko wa Yagana mangwaron da ke can ƙolin bishiyar makarantarsu, wanda ba sandar da ta taɓa kaiwa gare shi.

Manaja ya tara mu ya ce waɗanda suka sayar da injin sun kafa sharaɗi: ba mai taɓa sitiyarinsa sai wanda aka horar aka ba satifiket. Za a kawo malami ya yi mana kwana biyar, ranar Asabar a yi jarrabawa. Mutum biyu ake so, na safe da na yamma, kuma duk wanda ya ci za a ɗauke shi aikin dindindin. Ban ji ƙarshen jawabin ba. Tun daga kalmar satifiket na tafi. Na gan shi da zanen ruwan zinare a gefe, na kai an sa masa gilashi, na rataye shi a ɗakina daidai inda hasken taga ke sauka, ga Yagana da tsumma tana goge shi tana murmushi. Sai da Ɗanladi, abokin aikina, ya zungure ni ya ce an ce masu so su ɗaga hannu, sannan na zabura na ɗaga duka biyun.

Malamin da aka kawo Oga Terna ne sunansa, mutumin Tibi, gajere kakkaura, yana ɗingishi da ƙafar hagu. Ya daɗe yana aiki da irin injinan nan a wurin masu gina titi, a can ne ma ƙafar ta samu abin da ta samu. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, in ta ƙare masa ya cike da Turancin buroka. A ƙarƙashin wani mangwaro kusa da sito muke zama, mu shida, kowa da hular kwano da wani jibgegen takalmi mai ƙarfe a baki, wanda kafin ka gama ɗaure igiyarsa shayinka ya huce.

Ya koya mana abubuwa da dama. Yadda za ka zagaya injin da safe ka duba taya da mai kafin ka hau. Yadda wuyan nan ke rage ƙarfi in ya miƙe, kamar yadda bokitin ruwa ya fi nauyi in ka miƙar da hannunka da shi. Ba a tafiya da kaya a sama, ba a ɗaukar mutum a kan haƙora ko da manaja ne ya ce a ɗaga shi ya duba kwano. Amma abu biyu ne ya fi nanata mana, har muka riƙa jin su a cikin barci.

"Kafin ƙafanka ya taɓa ƙasa, abu uku," in ji shi, yana ɗaga yatsu. "Sauke kaya. Ja birki. Kashe inji. Oya, ku faɗa!"

Mu kuwa mu haɗa baki kamar 'yan aji ɗaya: "Sauke, ja, kashe!" Ni har a kan acaɓa nake rera shi, mai acaɓan yana waigowa.

Na biyun igiya ce. Kafin a tayar da injin sai an kewaye filin da jar igiya. "Mutum ya tsallake wannan igiya," in ji Oga Terna, "ka danna hon, ka buɗe baki ka yi masa ihu. Babu don Allah, babu ranka ya daɗe. Ihu! Ko gwamna ne."

Ɗanladi, da yake ba ya rasa ta cewa, ya ce, "Oga, ko babanka ne fa?"

"Babanka ne ma za ka fi yi masa ihu," ya ce, ba ko murmushi. "Gwamna ya mutu, za a zaɓi wani. Babanka guda nawa ne?"

Muka kwashe da dariya. Ni na fi kowa, har ina buga cinya, don ban san da ni ake ba.

A fagen tuƙi dai ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na iya. Gwajin Oga Terna shi ne ya cika duro da ruwa har baki, ba murfi, ya ɗaure shi da igiya a kan katako, ya ce ka ɗauka ka zagaya tsakanin tsofaffin tayoyi, ka ɗaga shi har tsayin kwanon sito, ka sauke, kada ɗigo ya zuba. Sauran duk sai sun yi ambaliya. Ni kuwa tafiya nake da duron nan kamar amarya da ƙwaryar nono. Ranar Alhamis na ji shi yana ce wa manaja, "Wannan yaro hannunsa yana da kyau, amma kansa yana yawo." Rabin farko kawai na riƙe. Da la'asar na je wurin Yagana na baje kolin cika baki: Asabar, sha biyun rana, ta shirya tsumman goge gilashi. Ita kuma, don murna, ta faɗa wa babanta suna cin tuwo. Wannan ban sani ba sai daga baya.

Ranar Asabar gari ya waye tas. An yi ruwa ranar Juma'a, sama ta wanku, duwatsun nan sun matso kusa kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Leburori duk sun ajiye aiki sun jeru a bayan igiya, har matan da ke ɓare agushi sun taso da tirensu. Ɗanladi ne ya fara, ya zubar da kamar kofi biyu, Oga Terna ya gyaɗa kai ya ce wannan ɗan kaɗan ba komai, ya ci. Huɗu suka biyo baya suka faɗi. Ni ne na ƙarshe, rana ta take tsaka, filin nan fetal ba ko bishiya ɗaya a cikinsa.

Na zagaya injin, na duba taya, na duba mai, na hau na ɗaura bel. Na zura haƙora ƙarƙashin katako na ɗauki duro a hankali. Na bi tsakanin tayoyi kamar ina zare a allura. Na zo gaban sito na taka birkin ƙafa, sannan na fara ɗaga wuya.

Rufin ɗakin direba gilashi ne, don ka ga kayanka in sun yi sama. Ta nan nake kallon duron yana hawa, yana hawa, har ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar shuɗin sama. Ko ɗigo bai zubo ba. Wani farin gajimare ya zo yana wucewa ta bayansa, sai ya zama kamar duron ne ke tafiya, a hankali, zai wuce Shabu ya nufi gida. Ƙarar injin ta koma can nesa. Na ji ƙamshin turare, na ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidan su Yagana, ana zagayawa da goro da alewa, liman ya ɗaga hannu. Ga kawuna yana ta washe baki. Ga Malam Bukar a tsaye cikin farar babbar riga, ya goya hannu a baya, yana dubana da irin kallon da ake yi wa ɗan da ya fitar da mutum kunya.

Na sauke ido daga gilashin rufi na duba gabana. Sai ga Malam Bukar a tsaye cikin farar babbar riga, ya goya hannu a baya, yana dubana.

Wallahi na ɗan jima ina zaton mafarkin ne bai ƙare ba. Daga baya na ji yadda aka yi. Suna zai je a Kwandere, sai ya ce da mai acaɓa ya ratse ya ga jarrabawar nan da idonsa, da yake shi ba ya yarda da labari. Ya iso idon kowa yana sama, har na Oga Terna. Ya ga igiya, ya ɗaga ta da sandarsa ya wuce, domin a tsawon aikinsa na gwamnati duk igiyar da aka ja don wasu aka ja ta. Rana na dukansa, ya duba hagu ya duba dama, inuwa ɗaya tak ce a duk filin: wata 'yar murabba'i, inuwar katakon da duron ke kai. Nan dattijo ya je ya fake.

Hon yana nan ƙarƙashin babban yatsana. Bakina ma yana nan inda na bar shi. Amma abin da idona ya gani daban ne da abin da Oga Terna ya koya min. Ni dai na ga ina zaune Baba yana tsaye. Na ga ina sama yana ƙasa. Na ga takalmi a ƙafata, yana kallo. Horon kwana biyar ya yi karo da horon shekara ashirin da bakwai, ba a ko yi kokawa ba. Na jefa giya a firi, na ɓalle bel, na dire ƙasa. Ban sauke ba, ban ja ba, ban kashe ba.

(Ga inda nake so ƙasa ta tsage duk lokacin da na tuna.) Da na isa gabansa ban ce masa ya matsa ba. Zama na yi a ƙasa na hau kwance igiyar takalmi. Na samu na cire na dama, na hagu ya ƙulle ya ƙi, sai na haƙura na durƙusa haka nan, takalmi ɗaya a hannu, ɗaya a ƙafa, na ba injin baya.

"Barka da rana, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya aikin?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Ya mutanen gida? Ya su Inna?"

"Suna lafiya."

"Ya ƙafar, Baba? Ta yi sauƙi?"

Ina jin ihu ta bayana, amma na ɗauka jinjina ake min, ana cewa ga yaro mai tarbiyya. Ashe filin nan yana da ɗan gangare zuwa bakin sito, don ruwan sama ya riƙa wucewa, kuma Raƙumin Dawa ya fara bin gangaren a hankali, ba kowa a cikinsa. Na ji rana ta taɓa ƙeyata. Har na ce a raina ikon Allah, inuwa ma ta san babba, ta bar ni ta koma kansa.

Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa sanin mai ɗingishi yana gudu haka ba. Oga Terna ya yar da takardunsa, ya kama ƙofa ya haye, ya fizgi birkin hannu. Injin ya tsaya cak. Duron da ke sama bai ji an tsaya ba, ya tuntsure gaba, igiya ta riƙe shi, ruwan kuwa ba abin da ya riƙe shi. Duro guda cur, ruwan dam ɗin gona, ja wur da tsatsa, ya sauko a kan Malam Bukar tun daga hula har takalmi. Ni fantsali kawai na samu.

 Hularsa ta bi ruwa ta nufi bakin sito. Babbar rigar nan da aka yini ana guga ta manne a jikinsa, sai ga shi ashe duk dattijon bai fi kara ba. Wani ɗan kwaɗo ya faɗo daga kafaɗarsa ya yi tsalle biyu ya tsaya. Ni kuma ina nan durƙushe da takalmi a hannu, na lalubi duk Hausar da na iya, abin da na samo shi ne:

"Sannu, Baba."

Oga Terna ya sauke wuyan, ya kashe injin, ya sauko. Na zaci zai rufe ni da faɗa, da ma ya yi hakan da ya fi min sauƙi.  Ya kama kafaɗata ya juya ni, na ga tayar gaba, wadda ta kusa kai min ƙirji in ina tsaye, ta tsaya bai fi taku ɗaya daga bayana ba. Ya nuna min inda ruwan ya sauka, ya ce a hankali, "Yau ruwa ne. Litinin buhun taki ne, guda ashirin. Ka gaishe shi da kyau, na gani. Da yanzu ta'aziyya za ka je yi a gidansa."

A nan kunyar ta tafi, tsoro ya zo.  Na kalli dattijon nan da nake girmamawa fiye da kowa, na gane saura ƙiris in kashe shi da ladabi.  Shi dai ya je ya ɗauki hularsa ya matse, ya hau acaɓa, suka juya hanyar Lafiya maimakon Kwandere. Kafin la'asar duk gonar ta daina kirana da sunana, na koma Sannu Baba.

Kwana goma ina zagaye unguwarmu ta bayan layi. Manaja ya ce Oga Terna zai dawo bayan sati biyu ya sake gwada mu, tunda gurbi ɗaya bai cike ba, na ce ni kam na haƙura. Ko mafarkin ma ya ƙaurace min, in na rufe ido tayar nan kawai nake gani. Ran na goma sha ɗaya Yagana ta tare ni a bakin famfo, ta ce Baba yana kirana.

"Ya yi fushi?" na tambaya.

"Ya dai yi mura," ta ce, ta juya da sauri don kada in ga tana dariya.

Na shiga gidan, abin da na fara gani babbar rigar ce a kan igiyar shanya. An wanke ta an sake wankewa, amma tsatsar ta kama kafaɗar dama ta ƙi fita. Na durƙusa a bakin ƙofar falo, takardun shaidar nan duk suna kallona daga bango.

"Me malaminku ya ce a yi in mutum ya tsallake igiya?" ya tambaye ni, muryarsa a dushe.

"Ya ce a danna hon a yi masa ihu, Baba."

"Ko wane ne?"

"Ko wane ne."

"To me ya hana ka?"

"Nauyinka, Baba."

Ya juya kofin shayi a hannu. Sannan ya ce, "Tsallake igiya laifina ne, wannan na ɗauka. Amma ni ba mai cire min takalmi nake nema wa Yagana ba, masu cire min takalmi sun yi min yawa. Wata rana ita ce za ta tsaya inda bai kamata ba, ko ɗanta. Ina so in kwanta da sanin akwai mai buɗe baki a gidan." Ya kurɓi shayi. "Tashi ka je. Sallah saura sati uku."

Na koma jarrabawa. A wannan karon na yi wa kaina alkawarin ko gajimaren zinare ne ya zo wucewa ba zan kalle shi ba. Na ɗauki duro, na bi tayoyi, na tsaya gaban sito, na ja birkin hannu tun kafin in taɓa komai. Na ɗaga wuya, ido ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Duron na kaiwa tsayin kwano sai na hango sanda tana ɗaga jar igiya. Malam Bukar ne, cikin tsohon kaftani, da lema a naɗe a hammata (ka ji wanda ya koyi darasi). Oga Terna yana tsaye kusa da shi, ya tsura wa takardarsa ido kamar an ce masa sunansa ya ɓace a ciki. Nan na gane baki suka haɗa.

Na danna hon. Dattijo bai ko waiga ba, ya nufi inuwar nan yana takawa ɗaiɗai.

"Baba!" na ce, da wata siririyar murya da ni kaina ban ji ta sosai ba. "Baba, don Allah..."

Ya ci gaba. Saura taku biyar. Na san shiri ne, amma duron da ke sama ba shiri ba ne, igiyar da ta riƙe shi wancan karon ma ita ce dai, ta ƙara tsufa da sati biyu. Saura taku uku. Na tuna shi a jiƙe, siriri kamar kara, na tuna tayar nan. Na leƙa da kaina ta taga, na buɗe maƙogwaro iya ƙarfina:

"Kai Bukar! Fita daga nan! Ba ka ga igiya ba ne? Koma baya na ce!"

Matan agushi suka saki tire. Ɗanladi ya dafe kai. Sunan da na yi shekara biyu ina zagaye shi, har na canza wa abokina suna saboda shi, ya fito gatsau ba ko Malam a gabansa, duk gonar ta ji. Dattijo ya tsaya cak. Ya ɗago ya dube ni, ya juya, ya koma ya tsallake igiya, ya tsaya kusa da Oga Terna ya ce, "Ya isa?"

"Ya ma yi yawa," in ji Oga Terna, ya yi rubutu a takardarsa.

Na sauke, na tabbatar na ja, na kashe. Na sauko na fita bayan igiya, sannan na zauna na kwance takalman nan, duka biyun a wannan karon, na zube a gabansa gumi na keto min.

"Tun rasuwar mahaifina ba wanda ya kira ni haka," ya ce. Ya gyara lemarsa a hammata. "Ka ce wa kawunka ya zo ranar Juma'a."

Satifiket ɗin da ya zo ba ruwan zinare ko ɗigo a jikinsa. 'Yar takarda ce fara, ba ta fi tafin hannu biyu ba, da hatimi a karkace. Bai kuma taɓa shiga ɗakina ba, balle hasken taga ya sauka a kansa. Malam Bukar ne ya karɓe shi ya sa masa gilashi da kansa, ya rataye a falonsa kusa da na kwas ɗin Jos. Ranar ɗaurin aure kuwa, duk rigunan da yake da su, mai tsatsa a kafaɗa ya zaɓa ya sa, kuma duk wanda ya tambaya sai ya nuna ni da baki ya ce a tambayi ango. Allah Ya yi masa rasuwa shekarun baya. Takardar tana nan a bangon, surukata ta hana a taɓa ta, Yagana ce ke goge ta in mun je gida.

Yanzu ni nake horar da sabbin direbobi a gonar, a ƙarƙashin mangwaron nan dai. In mun gama rera sauke, ja, kashe, sai in tambayi kowannensu wa ya fi jin nauyi a duniya. Wani ya ce babansa, wani ya ce fasto, wani ya sunkuyar da kai ya ce surukarsa. Sai in ce to miƙe, juya ka kalli fili, kira sunanta sau uku ka ce ta fita daga nan. Wanda ya kasa ba ya hawa injina, ko da hannunsa ya fi nawa laushi. Ni kuma har gobe ina tafiyata a zaune, ban daina ba. Sai dai yanzu sai na zare makulli na sa a aljihu tukuna nake tashi.